Soket Ya Mutu A Mota Mai Inbata? Ga Yadda Za Ka Bi Sawun Wutar Ka Gano Inda Ta Tsaya

A gabashin ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, daga Tabanni zuwa Kuyello, Kutemeshi da Dogon Dawa, wutar NEPA ba abar dogaro ba ce. Batir da farantin sola da 'yar inbata su ne suke riƙe da cajin wayoyin jama'a, da na'urar POS, da injin aski. Wasu a shago ko kwantena suka kafa nasu. Wasu kuwa a cikin mota yake: direban babbar mota da ke kwana a kan motarsa yana jiran lodin masara, mai bas ɗin da ke zagaya kasuwannin mako da lasifika, ko motar asibitin tafi-da-gidanka mai ɗauke da ƙaramin firji. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, zirga-zirgar manyan motoci ta ƙaru a yankin, kuma mai doguwar tafiya ba ya rabuwa da neman inda zai jona caja.

Ranar da soket ya ƙi kawo wuta, mai wayarin ba ya kusa. Sai an je cikin garin Birnin Gwari, ko Funtuwa, ko Kaduna da ke da nisan fiye da kilomita ɗari, kuma ba wanda yake so yamma ta yi masa a hanyar daji da waya a mace. Saboda wannan gaggawar ne ake yawan yin abubuwa biyu: a cire soket ɗin a sayi sabo, ko a cire fis ɗin da ya ƙone a naɗa zaren waya a gurbinsa. Na farko asarar kuɗi ne, domin sau tari soket ɗin lafiyarsa ƙalau. Na biyu kuwa yana iya cinye motar gaba ɗaya.

Wuta hanya gare ta. Daga batir take tasowa, ta bi ta fis, ta shiga inbata, ta ratsa bireka, sannan ta iso soket. In ba ta iso ba, akwai inda ta tsaya. Aikinka shi ne ka bi hanyar daki-daki har ka gano wurin, sannan ka san abin da ya tsayar da ita.

Wuta iri biyu a mota ɗaya

A Amurka da Turai akwai motocin da aka ƙera kamar gida, da gado da wurin girki da banɗaki, waɗanda mutane ke yawon hutu da su. Tsarin wutarsu daidai yake da na motar da aka saka wa inbata a garejin Kaduna ko Funtuwa: wuta iri biyu ce a jiki ɗaya.

Ta farko wutar batir ce, wadda ake rubuta wa DC. A ƙananan motoci da bas-bas ƙarfinta bolt 12 ne, a manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo kuma bolt 24. Ita ce take zuwa ramin kunna sigari da ramukan USB da fitilun cikin mota.

Ta biyu irin ta gida ce, wadda ake rubuta wa AC. A Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Mota ba ta samar da ita da kanta. Inbata ce take juya wutar batir ta koma wannan, ko a jawo ta daga janareto ko daga wani gida idan motar tana ajiye. Ita ce take zuwa soket mai ramuka uku.

Tambayar farko ke nan: wane soket ne ya mutu, na wutar batir ko na wutar gida? Guda ɗaya ne, ko duka? Idan duk soket-soket masu ramuka uku sun mutu lokaci guda, laifin yana can baya, wajen batir, inbata ko bireka. Idan ɗaya ko biyu ne kawai, laifin yana kusa da su.

Kayan aikin da za ka tanada

Ba su da yawa, kuma duka sa shiga 'yar jaka ɗaya: maltimita, ƙwan lantarki mai fulogi wanda ka tabbatar yana aiki, sukundireba mai riƙon roba, filaya, tocila, tef ɗin naɗe waya, da fis-fis na ajiya.

Maltimita ita ce idonka. Idan za ka auna batir, ka juya ta zuwa alamar V mai miƙaƙƙen layi, a kan lamba 20 ga mota mai bolt 12, ko lamba 200 ga mai bolt 24. Idan soket ɗin wutar gida ne, ka kai ta alamar V mai lanƙwasasshen layi, a kan 600 ko 750. Tana kuma da wurin da take yin ƙara idan hanyar wuta ba ta tsinke ba. Da shi ake gwada fis.

Kada ka dogara da tasta, wato sukundireban nan mai ɗan ƙwai a ciki. A gida tana da amfani, amma a kan inbata tana ruɗarwa. Wata inbatar takan sa ta kama a duka ramuka biyu, wata kuma ta ƙi kamawa alhali akwai wutar da za ta iya kayar da mutum. Ƙwan gwaji ya fi ta faɗin gaskiya.

Kafin ka taɓa komai

Wutar da ke fita daga inbata tana kisa kamar yadda ta NEPA take yi. Ƙanƙantar akwatin ba ta rage mata komai. Kafin ka kwance murfin kowane soket, ka kashe inbata, ka cire wayar janareto ko ta gidan da aka jawo, sannan ka gwada da ƙwai ka tabbatar babu wuta.

Batir kuma nasa haɗarin daban ne. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma idan sifana ta haɗa kawunan batir biyu, ƙarfe yana iya yin jawur nan take. Ka cire zobe da agogon ƙarfe. Idan za ka kwance batir, ka fara da kan da ke da alamar ragewa, in za ka mayar kuma shi ne na ƙarshe. Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, don haka babu sigari, babu ashana a kusa da shi.

Idan ka ji ƙaurin roba, ko ka ga soket ya yi baƙi, kada ka ci gaba da gwaji. Kashe komai tukuna.

Mataki na 1: Ka tabbatar soket ɗin ne, ba na'urar ba

Cire abin da ke jone, ka saka ƙwan gwaji. Idan ya kama, soket ba shi da laifi. Caja ce ko na'urar. Fulogi mai ƙafa uku yana da ɗan fis a cikinsa, yawanci na amfiya 13, wani lokaci 3 ko 5. Idan ya ƙone, na'urar za ta yi shiru kamar babu wuta. Haka ma eksitenshan: ka cire shi daga hanya ka gwada soket ɗin kai tsaye, domin masu arha siririyar waya gare su, kuma makunninsu ba ya jure zafi.

Ka duba ɗan makunnin da ke jikin soket. Ka tuna kuma, a motoci da yawa ramin sigari ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli zuwa matakin farko.

Mataki na 2: Ka auna batir

Batir ya fi kowa yawan laifi. Fitilar cikin mota tana iya kamawa, rediyo ya yi magana, amma inbata ta ƙi aiki, domin ita ba ƙaramar wuta take ja ba.

Ka kashe komai, ka bar batir ya huta kamar minti talatin, sannan ka auna. Ga batir mai ruwa ko busasshe na bolt 12:

- 12.6 zuwa 12.7: a cike yake.
- Wajen 12.2: saura rabi.
- 12.0 ko ƙasa da haka: ya yi ƙasa sosai, caji yake bukata.

Ga babbar mota mai bolt 24, sai ka ninka waɗannan lambobi biyu. Idan inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba ka ga lambar ta tashi ba, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki.

Yanzu ka kunna inbata da ɗan kaya a kanta, ka sake aunawa. Batirin da ya tsufa yakan nuna 12.5 yana zaune, amma da an ɗora masa nauyi sai ya faɗo ƙasa da 11. Yawancin inbatoci suna fara kuka idan wuta ta sauko wajen bolt 11, su kashe kansu a wajen 10.5 ko ƙasa kaɗan. Wannan kukan ba lalacewa ba ce. Batir take karewa.

Batirin litiyom yana da kwamfutar tsaro a cikinsa. Idan aka zuƙe shi sosai, ko aka ja fiye da ƙarfinsa, ko ya yi zafi, sai ta yanke wutar, mita ta nuna kusan sifili kamar ya mutu. Sau da yawa da an cire kayan da ke kansa an jona shi da cajar da ta dace, sai ya farfaɗo.

Idan da sola kake caji, ka leƙa kwantirola ka ga ko tana nuna wuta na shigowa. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage abin da yake bayarwa, haka ma hadarin watan Agusta. Goge faranti da jiƙaƙƙen tsumma da safe ya sha gyara abin da aka ɗauka lalacewar batir ce.

Mataki na 3: Kawunan batir da kebul

Hanyoyin ƙauyukan Birnin Gwari ba su da tausayi ga noti. Girgizar mota tana kwance shi sannu a hankali, kuma haɗin da ya saki yana hana wuta wucewa, yana kuma yin zafi. Ka kama kowane kebul ka girgiza. Bai kamata ya motsa ba. Idan ka ga farin gari ko kore a kan batir, ka kwance, ka wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, ka kula kada ya shiga ramukan batir. Ka goge da burushin ƙarfe, ka bari ya bushe, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris.

Kaurin kebul ma abin dubawa ne. Inbata mai wat 1000 a kan batirin bolt 12 tana jan amfiya 90 zuwa 100 idan aka cika ta. Wayar 2.5 da ake yi wa soket ɗin gida wayarin da ita ba ta wuce ɗaukar amfiya ashirin da 'yan kai ba. Irin wannan inbata kebul mai kauri take bukata, kamar wanda ke zuwa kik ɗin mota, kuma gajere.

Ga gwaji mai sauƙi: inbata tana aiki da kaya a kanta, ka auna wuta a kan batir, sannan ka auna a inda kebul ya shiga bayan inbata. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, wutar a hanya take zubewa. Ko kebul ya yi siriri, ko ya yi tsawo, ko wani haɗi ya saki.

Mataki na 4: Fis

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya narke kafin waya ta narke. A mota za ka sami akwatin fis a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da inji, kuma jikin murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowanne. Na ramin sigari yawanci an rubuta masa CIG ko ACC ko POWER OUTLET. Launinsu yana nuna ƙarfinsu: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Ka zaro shi ka ɗaga a haske. Idan ƙarfen ciki ya rabu, ya ƙone. Wani tsinkewar ido ba ya ganinta, don haka ka ɗora bakunan mita a ƙafafunsa biyu. Idan ba ta yi ƙara ba, ya tafi.

Ka mayar da mai lamba iri ɗaya. Amma kafin nan ka tambayi kanka me ya ƙona shi, domin ruwa ba ya tsami banza. Ramin sigari mai fis na amfiya 10 wat 120 kawai yake iya bayarwa, mai 15 kuma wat 180. Wanda ya sayi inbata mai wat 500 ya soka ta a wannan rami, ya jona talabijin da fanka da caja goma, fis ɗinsa zai yi ta ƙonewa kullum. Duk inbatar da ta wuce wat 150, kai tsaye ake haɗa ta da batir, da nata babban fis ɗin a kusa da kan batir mai alamar tarawa. Ka leƙa cikin ramin da tocila ma. Kwabo ko guntun ƙarfe da ya faɗa ciki yana haɗa wuta.

Idan sabon fis ya ƙone da sakawa, akwai inda waya mai wuta ta goge ta taɓa ƙarfen mota. A nan ne ake kuskuren da ya fi kowane muni: a saka fis mai babbar lamba, ko a naɗa zaren waya, ko takardar azurfar kwalin sigari. Wutar za ta dawo, amma yanzu ba abin da zai narke sai wayar motar kanta, a bayan dashbod ko ƙarƙashin kujera, inda soso da roba suke. Fis kuɗinsa kaɗan ne. Mota da kayan da ke cikinta kuwa jarin mutum ne.

Ga direbobin manyan motoci: kada a jona inbatar bolt 12 a motar bolt 24, nan take za ta ƙone. Kada kuma a ɗebi bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun da ke jere, domin ɗayan zai riƙa ƙoshi ɗayan yana yunwa, a ƙarshe duka su lalace da wuri. A sayi inbatar bolt 24, ko kwanbata mai sauke 24 zuwa 12. Idan akwai kwanbatar kuma ramin ya mutu, a duba nata fis ɗin.

Mataki na 5: Inbata

Batir lafiya, kebul lafiya, fis lafiya? To ka dubi fitilun inbata. Koriya alama ce tana aiki. Ja, ko rubutun FAULT ko OVERLOAD, yana nufin ta kashe kanta saboda ɗaya daga cikin uku: batir ya yi ƙasa, kaya sun yi mata yawa, ko ta yi zafi.

Ka cire duk abin da ke jone, ka kashe ta na minti biyar, ka kunna ta babu komai a kanta, ka saka ƙwan gwaji a soket ɗin da ke jikinta. Idan ya kama, inbata lafiyarta ƙalau. Sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda ya kayar da ita.

Kayan zafi su ne manyan masu laifi. Dutsen guga yana cin wat 1000 ko fiye, butar dafa ruwa 1500 zuwa 2200. Firji kuma ko da ƙarami ne, lokacin da injinsa zai tashi yana jan ninkin abin da aka rubuta a jikinsa sau da yawa, na ɗan lokaci. Ka lura kuma da lambar da ke jikin kwalin inbata: wasu kamfanoni ƙarfin daƙiƙa kaɗan suke rubutawa da manyan baƙaƙe, ainihin ƙarfin da take iya riƙewa ya zama rabin haka. Araha ba ta ado.

Zafi ma nasa ne. Inbatar da aka cusa ƙarƙashin kujera aka jibga mata bargo da buhu, a zafin watan Maris da Afrilu, dole ta kashe kanta. Ka duba ko fankarta tana juyawa, ka hure ƙurar da ta toshe ramukan iska.

Abu biyu za ka kiyaye. Inbata mai arha ba ta fitar da wuta mai santsi irin ta NEPA, don haka mita mai arha tana iya nuna maka lambar da ba ta kai 230 ba alhali komai daidai yake. Sannan kada ka buɗe cikin inbata. Akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an kashe ta.

Mataki na 6: Bireka, canjoba da na'urar kare rai

Idan ƙwai ya kama a jikin inbata amma soket-soket ɗin da aka ja zuwa bayan mota ba su kawo ba, laifin yana tsakaninsu. Ka nemo bireka. Wanda ya faɗi za ka gan shi ƙasa, wani irin kuma a tsakiya yake tsayawa; ka kai shi ƙarshen kashewa tukuna, sannan ka ɗaga. Idan ya sake faɗuwa, kada ka yi ta dannawa da ƙarfi. Cire kaya duka ka sake gwadawa. In har ya faɗi babu komai a jone, wayarin ne ya samu matsala.

Inda ake da canjoba tsakanin inbata da janareto, ka tabbatar tana ɓangaren da ya dace, kuma ta shige sosai. Janareto ma yana da ɗan maɓallin bireka a jikinsa. Inji yana iya ruri alhali ba ya fitar da komai.

Akwai kuma na'urar da ake kira RCD, Amurkawa kuma suna ce wa tasu GFCI. Aikinta ta lura ko wuta tana ɓallewa ta wata hanya, kamar ta ruwa ko ta jikin mutum, ta yanke nan take. Ta gida a irin tsarinmu a miliamfiya 30 take yankewa, ta Amurka a wajen 5. Tana da maɓallin TEST, wasu kuma har da RESET. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne guda ɗaya tana iya tsaron soket uku ko huɗu, don haka soket ɗin baya yana iya mutuwa saboda wani maɓalli da ya faɗi a gaban mota. Ka nemo shi ka danna, wuta tana kunne. Idan ya ƙi zama, musamman da damina, ka duba inda ruwa ya shiga: soket ɗin waje, rufin da ke yoyo, ko caja da ta jiƙe. Kada a cire wannan na'ura don ta dame ka. Rai take karewa.

Mataki na 7: Soket ɗin kansa

Sai yanzu aka zo kansa. Kashe komai, tabbatar da ƙwai, sannan ka kwance murfin. Yawanci soket-soket a jere ake jona su, waya ta shiga na farko ta wuce na biyu. Idan ta kwance a ɗaya, duk na bayansa sun mutu. Saboda haka ka duba soket na ƙarshe da ke aiki da na farkon da ya mutu. A ɗaya daga cikinsu laifin yake.

Ka ja kowace waya a hankali ka ga ko za ta zame. Ka duba alamar ƙuna, da inda ɓera ya ci roba, abin da motocin ɗaukar hatsi suka sani sarai. Waya mai ruwan ƙasa ko ja tana zuwa L, shuɗiya ko baƙa tana zuwa N, mai kore da rawaya tana zuwa E.

Soket ɗin da ya yi baƙi, ko fulogi yake rawa a cikinsa, ba a gyara shi, canzawa ake yi. Abin da ke saurin kashe shi shi ne ɗabi'ar tura tsinke ko murfin biro a ramin sama don a cusa caja mai ƙafa biyu. Wannan yana buɗe ƙarafan ciki, haɗi ya yi sako-sako, zafi ya taru. Adafta mai kyau ta fi.

Hattara da motoci 'yan Kwatano

Motocin da aka shigo da su daga Amurka, kamar wasu nau'ikan Toyota Sienna, suna zuwa da soket ɗinsu na kamfani. Wutarsa bolt 115 ko 120 ce, ba 230 ba, kuma a da yawa daga cikinsu wat 100 kawai yake ɗauka. Wasu sai an danna maɓalli kusa da sitiyari yake kawowa. Cajar waya da ta laftof za su yi aiki, domin an rubuta musu 100 zuwa 240. Fanka ko injin askin da aka yi don wutarmu kuwa zai yi sanyi ko ya ƙi tashi, a ɗauka soket ne ya lalace.

Launin wayoyinsu ma ya bambanta. A tsarin wutar gida na Amurka, baƙar waya ce mai wuta, fara kuma ita ce N. Wanda ya saba da cewa baƙa ba ta ja, a nan za ta ja shi. Kada ka yarda da launi sai ka auna.

Lissafin da zai hana matsalar dawowa

Batir mai 100Ah a bolt 12 yana riƙe da wat 1200 na awa ɗaya. Batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 600. Inbata ma tana cin nata kason, sai a ce 500 ne naka. Idan ka jona wayoyi 20, kowace tana jan wat 10, wat 200 ke nan. Cikin awa biyu da rabi ka cinye rabonka. Wanda ya san wannan lissafi ba zai yi mamakin inbatarsa ta fara kuka da azahar ba.

Abu mafi muhimmanci ga matafiyi: kada ka sha batirin tayar da mota inji yana kashe. Soket ya mutu abu ne mai sauƙi. Mota ta ƙi tashi da asuba a gefen Dajin Kamuku wani abu ne daban. Wanda yake kwana a mota ya sa batir na biyu don inbata, mai wayarin ya saka masa na'urar da ke raba su idan an kashe inji. Kada kuma a kunna janareto a cikin mota ko kusa da tagar da ake barci. Hayaƙinsa yana kashewa ba tare da an ji wari ba.

Lokacin da za ka tsaya ka nemi gwani

Ka ajiye sukundireba ka nemi ƙwararren mai wayarin idan:

- fis ko bireka yana faɗuwa babu komai a jone;
- jikin mota yana ja idan an taɓa shi;
- waya ta narke, ko ƙauri yana fitowa daga bayan dashbod;
- batir ya kumbura, ko yana zafi, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai;
- inbata ba ta fitar da wuta alhali batir da fis lafiya.

A irin wannan hali, ka kwance kebul ɗin inbata daga batir, ka naɗe bakinsa da tef, ka ci gaba da tafiya da cajar ramin sigari ko fawa-banki har ka isa gari. Idan wuta ta tashi, ba a zuba mata ruwa. A yanke batir in da hali, a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai gari, wadda dama hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta wajabta wa kowace mota, ko a watsa yashi.

Kafin kowace doguwar tafiya, minti biyar sun isa: ka auna batir, ka girgiza kebul, ka danna TEST ka ga ko na'urar kare rai tana yankewa, ka tabbatar fis ɗin ajiya na 10 da 15 da 20 suna cikin jaka. Idan kuma soket ya mutu a hanya, ka bi jerin nan yadda yake: na'ura, batir, kebul, fis, inbata, bireka, sannan soket. Duk inda ka tarar wani abu ya yanke wuta, ka fara gano dalilinsa kafin ka mayar da ita.